Toka a Gangaren Maƙabarta

"Kwance shi kawai, Gwadabe. Notuna huɗu ne."

Gwadabe mai gyaran rediyo ya sake juya na'urar a kan teburinsa. Ya leƙa ta ƙasa, ya leƙa ta sama, kamar mai duba akuyar da bai yi niyyar saya ba. Doguwar sanda ce, da faifai a gindinta mai faɗin murfin tukunya, da wani baƙin akwati a maƙale kusa da mariƙi, mai maɓallai uku da 'yar lasifika. Injin neman ƙarfe ne a ƙarƙashin ƙasa. Na Gimba ɗan gwangwan ne, a cikin tarkacen da ya sayo daga Anacha ya tsince shi, ya ba Malama Ramlatu aro na kwana ɗaya.

"Malama, Baturen da ya ƙera abin nan ya san dalilin da ya sa ya ɗora akwatin a nan."

"Ya sani mana. Ƙato ne, kafaɗarsa lafiya lau. Ni shekarata saba'in da ɗaya, kuma tun da na zame a bakin famfo hannun nan ba ya wuce nan." Ta ɗaga hannun dama har daidai ƙirjinta, ya tsaya. "Jiya na gwada shi a tsakar gida. Kafin in kai bakin rijiya na ajiye. Nauyin duk a akwatin yake, batir takwas ne a ciki. Ka raba shi da sandar, in rataya shi a wuya."

"Wayar ba za ta kai ba."

"Ka dubi wayar, Gwadabe. Nannaɗe ta aka yi a jikin sandar kamar zaren ƙoshiya. Warware ta ka gani. Haka kake tun kana aji biyar, sai ka ce abu ba zai yiwu ba tukun, sannan ka buɗe ido."

Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyar da kimiyya a Inugu, rabin 'yan kasuwar unguwa ta taɓa murɗa musu kunne. Gwadabe, da furfurarsa da jikokinsa biyu, ya ɗauki sukundireba. A waje Kasuwar Kenyatta tana ta hayaniyarta ta hantsi, masu baro suna ihu a ba su hanya, wani yana gwada janareto.

Ranar Laraba ce. Da azahar safiyo, mai awon fili, zai je ya kafa turaku a gangaren tsohuwar maƙabartar Musulmi, gobe Alhamis katafila ta shiga. Kwamitin maƙabarta, ƙarƙashin Alhaji Bubayero dillalin shanu, ya yanke shawarar a yanki gangaren da ke bakin titi a gina shaguna goma sha biyu, wai da abin da suka kawo za a riƙa kula da sauran wurin. Hujjarsu guda ce: babu kowa a gangaren. Ba tudu, ba alama, sai ciyawa da bishiyar kashu. Allunan da ake kafawa a dā 'yan jari-bola sun tsince su tas. Littafin sunaye kuwa gara ta cinye shi a ɗakin mai gadi. To, tun da gara ta ci littafin, sai aka ɗauka ta haɗa da mutanen.

Sau biyu Ramlatu tana zuwa gidan Bubayero. Zuwan farko aka kawo mata lemo mai sanyi, aka ce za a duba. Na biyu ya saurare ta yana murmushi, irin wanda ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa.

Noti na uku ya fita. Gwadabe ya ce, bai ɗago kai ba, "Ni abin da ban gane ba, Malama, ko na gyara, me zai gano? Ƙashi dai ba ƙarfe ba ne. Kowa ya san Musulmi ba a binne shi da komai sai likkafani."

"Kowa ya sani. Shi kowan nan ina son in gan shi wata rana, in tambaye shi inda ya yi karatu." Ta gyara zama a kan bencin. "Da me ake rufe ƙaramin ramin ciki kafin a tura ƙasa?"

"Da katako. A gida kuma da itace, ko fasassun tukwane."

"Yanzu ke nan. Da mutanenmu suka dawo garin nan bayan yaƙi, ina suka ga tukwanen? Itace suke sawa. Damina ɗaya, da ruwan Inugu da gararta sun gama da shi, kabari ya rufta, a wayi gari a ga abin da bai kamata ido ya gani ba. Sai marigayi maigidana, Ɗan'auta, ya ce a bar shi da wannan. Ka san sana'arsa, murhu da bokiti yake yi da tsofaffin durorin mai. In an yi rasuwa sai ya tsaga duro, ya buge shi ya miƙe, a tafi da shi a baro a rufe da tabarma. A tsakar gidana ake yi. Ni nake riƙe masa gefe." Ta miƙa masa babban yatsanta na hagu, da wani farin tabo da ya ratsa shi. "Shekara goma sha ɗaya ana haka, sai da katako ya wadata aka daina. Waɗanda suka tona ramukan duk sun bi su. Na gaya wa Bubayero. Ka san abin da ya ce? Wai macen da ba ta taɓa raka gawa ba, ina ta san abin da ke cikin kabari."

Gwadabe ya cire akwatin, ya warware wayar. Ta kai kamu biyar har da ɗori. Ya yi kamar bai lura ba.

Ramlatu ta zaro jakar daga cikin ledarta. Jiya da la'asar ta ɗinka ta a tsohon kekenta, da ragowar atamfa ruwan ɗorawa, ta yi mata shafi da buhun shinkafa don ta tsaya. Ba zif, ba maɓalli. Ta yanka taga a gaba daidai inda maɓallan akwatin za su leƙo, ta huda gindi don waya, ta ɗinka aljihu a gefen hagu. Akwatin ya shige kamar don shi aka auna, domin kuwa don shi aka auna, da tsinken tsintsiya.

Ta rataya ta ɗaga hijabi za ta rufe. Gwadabe ya miƙe tsaye har ya ture gwangwanin notuna.

"A'a, a'a, Malama! Rufa mana asiri. Bahaushiya, da akwati mai waya a ƙarƙashin hijabi, a tsakiyar kasuwar nan? Kafin ki yi bayani an gama da mu har da shagon. A waje za ki sa shi, kowa ya gani."

Wannan karon shi ne da gaskiya, kuma gaskiyar ta fi komai ɓata mata rai: shekara hamsin a gari, har yanzu sai ta yi tunanin yadda za ta rataya jaka. Ta fito da ita ta ɗora a kan hijabin, ruwan ɗorawa a kan toka-toka, ana hango ta daga bakin titi.

Suka kunna. Sandar ta zama kamar muciya a hannunta, ta kaɗa ta dama, ta kaɗa hagu, fuskarta ta saki. Sai na'urar ta fara ƙara ba dalili, ƙiii, ƙiii, ko'ina ta juya.

"Kin gani ko? Na ce Baturen nan..."

"Wayar ce take lilo. Ɗaure ta."

Ya yanko robar tayar keke ya ɗaure wayar a jikin sandar wuri uku, ya bar saura ta tafi jaka. Ƙarar ta tsaya. Ta taka ɗaya, ta dawo. Ta sake takawa, ta sake dawowa. Suka dubi juna, sannan su duka suka dubi ƙafarta. Takalminta na fita unguwa ne, wanda mai gyara ya cika wa dunduniya da ƙusoshi.

"Ba ni silifas ɗinka na alwala."

"Malama, sun yi miki yawa."

"Ba biki za ni ba."

Ya rufe shago ya bi ta, yana ta bayanin cewa shi rakiya kawai zai yi, zai tsaya daga bakin titi. Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta san sunansa yana cikin waɗanda aka yi wa alkawarin shago, kamar yadda ta san dalilin da ya sa duk mazan unguwa da ta roƙa su riƙe mata na'urar kowa ya tashi da ciwon baya.

A cikin keke napep, sandar tana leƙe ta gefe, suka bi ta unguwar Uwani suka miƙe. Ramlatu ta riƙe jakar a cinya da hannu biyu. Akwai abin da ba ta gaya wa Gwadabe ba, ba ta gaya wa Bubayero ba, ba ta ma gaya wa 'ya'yanta da suke Kaduna ba.

Shekarar ƙyanda, alif ɗari tara da saba'in da takwas, cikin watan da ruwa ba ya ɗaukewa. Ɗanta na fari, Musaddiq, watansa goma sha huɗu. Ya rasu da hantsi, kafin azahar maza sun fita da shi. A ranar babu duro a gidan. Bayan kwana biyu ta nemi tirenta ta rasa, babban tiren ƙarfe mai jajayen furanni da mahaifiyarta ta sa mata a kayan ɗaki daga Zariya. Ta birkita gida, ta zargi almajira, ta zargi mai kawo ruwa. Sai da aka yi arba'in Ɗan'auta ya ce mata, yana kallon bango, shi ya ɗauka, da shi aka rufe yaron. Ta tambaye shi a ina. Ya ce can ƙasa, wajen kashu, kuma ta bar maganar, ba a nuna wa mace kabari. Ta bari. Sun ƙara shekara ashirin da shida tare, ta haifa masa huɗu, ta yi jinyarsa har ya cika a hannunta, amma tiren nan bai taɓa fita daga tsakaninsu ba. Ba ɗaukar ce ta ƙona mata rai ba. Da ya tambaya, da hannunta za ta wanke shi ta miƙa. Kwana arba'in ɗin da ya bar ta tana neman tire ne, alhali ya san inda yake.

Gangaren ba shi da katanga. An sassabe ciyawar, jar ƙasa ta fito, tana gangarowa daga tsohon shingen maƙabarta har bakin kwalta. Alhaji Bubayero yana tsaye da babbar riga ruwan madara, tare da Badaru sarkin mahautan kwata, wanda shi ma ɗan kwamiti ne. Safiyon ashe mace ce, wata Madam Obiageli, da hular kwano da takalmin ruwa, ma'aikatanta biyu suna sauke turakun siminti daga mota.

Ramlatu ta sauka, ta rataya jaka, ta saka ledar toka a aljihun gefe. Tokar murhunta ce, ta tankaɗe ta da safe.

"Hajiya, barka da rana. An zo lafiya?" in ji Bubayero, idonsa a kan jakar.

"Lafiya lau, Alhaji. Ya iyali? Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi. Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

Sai da suka kai gaisuwar ƙarshenta, har da jikoki da ruwan jiya, domin ko za a yi faɗa ba a fasa gaisuwa. Sannan ta taka jar ƙasar da silifas ɗin Gwadabe.

"Hajiya, Hajiya, dakata. Ke ce fa babba. Kin san mata ba sa shiga maƙabarta."

Ta tsaya, ta juyo a hankali.

"Maƙabarta kuma? Ai ka ce babu kowa a nan. Filin shago ne. Ko mata sun daina shiga shago?"

Badaru ya yi tari ya juya baya.

"In kuwa maƙabarta ce, Buba, to ka gaya wa baiwar Allah nan ta mayar da turakunta mota, ni ma in koma gida. Zaɓi ɗaya."

Rabon da wani ya kira shi Buba tun kafin ya je Makka. Ya kaɗa hannun riga. "Shiga. Shiga ki yi wasanki. Madam, ci gaba da aikinki."

Ta murɗa maɓalli. Ta fara daga sama, kusa da shinge, tana kaɗa faifan dab da ƙasa kamar mai sharar tsakar gida. Taku biyar, na'urar ta yi ƙara, gajera mai kaifi. Ta tona da yatsan ƙafa: gwangwanin kifi. Taku uku, murfin kwalba. Sai tsohon kwaɗo, sai cokali. Bubayero ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Badaru, a kira Gimba ya kawo buhu. Hajiya ta shiga jari-bola."

Rana ta daki tsakiyar kanta, gumi yana bin bayanta. Ta rage maɓallin da ke sa na'urar jin ƙananan abubuwa, kamar yadda ta gwada jiya da ƙusa da murfin tukunya, ta ci gaba.

Sai ƙarar ta canja. Ba kaifi, mai kauri ce, daga can ƙasa, kuma ba ta yanke ba. Ta matsa gaba, tana nan. Ta ƙara, tana nan. Sai da ta yi taku huɗu sannan ta ɗauke. Ramlatu ta koma baya ta nemo inda ta fara, ta sa hannun hagu a aljihu, ta zuba toka. Ta bi gefe da gefe tana zubawa har ta rufe. Da akwatin yana kan sandar da hannu biyu za ta riƙe, da sai ta nemi mai zuba mata, kuma babu shi.

Abin da ya fito a jar ƙasar dogo ne, tsawon mutum, faɗinsa kamu biyu.

Taku biyu a gefensa, wani. A gefen wannan, wani. Ba wanda ya ƙara dariya. Ma'aikatan safiyo suka ajiye turken da suka ɗauko. Kafin a yi kiran la'asar ta zana goma sha tara, sahu uku, fari a kan ja, kowanne kai kudu ƙafa arewa, ba wanda ya karkace.

"Juji ne," in ji Bubayero. Muryarsa ta ɗan tashi. "Tsohon juji ne. Kwanon rufi ne mutane suka zubar."

"Jujin da ya san gabas?" Ta share gumi da bakin hijabi. "Har ya tsaya sahu-sahu, ba liman?"

Madam Obiageli ta zo ta tsaya a kan na farko da na'urarta ta hannu, ta duba, ta je na bakwai, ta je na ƙarshe. Ta rubuta wani abu. Ta tambayi Ramlatu cikin turancin buroka ko haka Musulmi suke kwantar da mamatansu, duk fuska ɗaya. Ramlatu ta amsa mata da Turancin aji, tsaf, har da yawan zurfin da za a samu ƙarfen.

Badaru ne ya kasa haƙuri. Ya karɓi wani siririn rodi daga hannun ma'aikaci, ya je gefen zane na uku, ya yi bisimilla, ya soka a hankali yana murzawa. Ƙasar damina ce, ta karɓa. Rodin ya shiga har tsawon gwiwa, sai ya tsaya da wani sauti, ƙwal, na ƙarfen da babu komai a bayansa sai rami. Badaru, mutumin da ya shekara arba'in yana kayar da bijimai, ya saki rodin ya ja da baya kamar ya taɓa wuta.

"Innā lillāhi. Assalamu alaikum, ya ku ma'abota wannan gida." Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu. "Alhaji, a kan mutane muke tsaye."

Bubayero ya fitar da waya, ya mayar. Ba mugun mutum ba ne, in ana nufin irin mugun da ke cikin tatsuniya. Mutum ne da ya riga ya gaya wa mutum goma sha biyu cewa sun samu shago, kuma ya fi tsoron idonsu a kan waɗanda ba su da ido. Ya yi 'yan taku, ya dawo da fuskar sulhu.

"To, Hajiya, an ji. Allah ya saka. Kin yi aikin lada. Za mu bar saman nan duka, a ja shinge. Madam, sauko da turakun ƙasa. Daga kashun nan zuwa titi kawai, shago shida. Nan kam ai ko mahaukaci ba zai yi kabari ba, hanyar ruwa ce. Shi ke nan, kowa ya samu."

"Kowan nan dai," in ji Ramlatu.

Kafaɗar tana ci kamar an zuba barkono. Ta mayar da sandar hannun hagu, ta ga ba ta iya kaɗawa, ta dawo da ita dama. Ta gangara wajen kashun, silifas suna karkacewa. Tun da ta sauka daga keke take kauce wa kallon bishiyar. Ta tsufa, ta kwanta gefe guda, rassanta suna taɓa ƙasa. A shekarar ƙyanda wataƙila ba ta fi tsayin mutum ba.

Ta kaɗa a gabas da ita, shiru. Ta zagaya ta kudu, shiru, sai wata ƙusa. Bubayero ya dubi agogo. Ta sauko ƙasa kaɗan, inda ruwa ya zaizaye.

Ƙarar ta zo, mai kauri, kusa. Taku ɗaya ta ɗauke. Ta dawo ta bi ta ɗaya gefen, nan ma taku ɗaya. Ta bi bakinta a hankali tana zuba toka, tokar tana zuba fiye da yadda take so. Da ta rufe zanen ta tsaya ta duba. Da'ira ce. Ta san faɗinta. Ta sha ɗora kwanuka shida a kanta.

Ba ta yi kuka ba. Ta dafa reshen kashu. Shekara arba'in da bakwai, ashe nan ne, tafiyar minti ashirin a keke. Ta buɗe baki za ta kira sunan ɗanta, ta ja da baya kaɗan don kada ta taka shi, faifan ya bi ta.

Na'urar ta sake ƙara.

Ta ɗauka wayar ce ta kwance. Ta duba, robar tana nan. Ta kaɗa, ƙarar tana nan, taku ɗaya ta ɗauke. Ta zuba toka. Wata da'irar ce, ta ɗan fi ta farko ƙanƙanta. A gefenta wata. A ƙasansu wasu biyu, ɗaya doguwa kaɗan kamar tiren shayi. Ta daina jin kafaɗar. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, daga gindin kashu har dab da kwalbatin titi, inda za a yi barandar shagunan, tana zubawa, tana matsawa. A ta goma sha huɗu ta zazzage ledar, babu komai. Na'urar kuwa ba ta daina ba.

Ta kashe ta. Sai aka ji motoci a titi, da wani tsuntsu a kan kashun.

Ta tsaya a tsakiyar fararen da'irori tana dubawa. Wace ce tasa? Ta farkon? Ta ukun ma faɗinsu ɗaya. A kasuwa ɗaya iyayensu suka saya, a Kano ko a Zariya, fure iri ɗaya, an naɗe a zane an sa a jirgin ƙasa an bi amarya da shi kudu.

Sai ta tuna bikin sunan 'yar maƙwabciyarta Zuliha, shekara biyu bayan ƙyandar, yadda aka bi gida-gida neman tiren raba waina aka rasa, har aka yi da murfin fanteka. Zuliha ta ce nata ɓarayi sun ɗauka. Fatsuma mai koko ta ce nata ya huje ta yar. Mas'uda ta ce ta aika wa ƙanwarta. Ita kanta Ramlatu, malamar makaranta, ta dubi idonsu ta ce ta ba da aro ba a dawo da shi ba. Suka zauna a ɗaki ɗaya suna yi wa juna ƙarya, suna dariyar unguwar da ba ta da tire, kowacce tana zaton ita kaɗai aka yi wa.

Madam Obiageli ta zo kusa da ita, ta dubi zanen, ta cire hular kwanonta. "Mama, na pikin dem?"

"Yara ne."

Matar ta juya ta yi wa ma'aikatanta magana da Ibo, suka fara mayar da turaku mota. Ta gaya wa Bubayero ita ma uwa ce, ba za ta kafa turkenta a kan 'ya'yan mutane ba, ya nemi wani.

"Zan nema kuwa!" Rigar ruwan madara ta yi ja a gindi. "Safiyo ya ƙare a Inugu? Hajiya, wannan ba hujja ba ce. Na sama mun yarda, mun ji da kunnenmu. Wannan kuwa murafan tukwane ne ruwa ya kwaso. An riga an yi magana da mai katafila. Kwamiti zai zauna bayan magariba, abin da aka yanke shi ke nan."

"Mata nawa ne a kwamitin?"

Bubayero ya juya. Ya nufi motarsa, yana ɗaga ƙafa sosai wajen tsallake toka, abin da bai yi ba da zai shigo. Badaru bai bi shi ba, yana nan tsaye da takalma a hannu.

Ramlatu ta cire jakar daga wuyanta. Igiyar ta bar mata sawu. Ta hango Gwadabe. Ya bar bakin titin tun ba ta sani ba, yana tsaye a gefen sahu na biyu, hularsa a hannu.

"Gwadabe."

"Na'am, Malama."

"Ka je wurin Gimba ka ce ina ƙara kwana ɗaya, kuma ko ƙusa ta ɓata a filin nan shi zan nema. Ka sayo batir takwas. Sannan ka shiga unguwa."

"Wurin wa?"

"Ka fara da gidan Zuliha, tana Ogui wurin ɗanta. Sai Fatsuma mai koko. Mas'uda ba ta gani sosai, ka ce jikarta ta riƙo ta. Su za su gaya maka sauran." Ta zauna a kan saiwar kashun, ta ɗora jakar a cinya, ta miƙe ƙafafu a cikin manyan silifas. "Ka ce gobe da sassafe, kafin katafila. Kowacce ta zo da kujera da tokar murhunta."

Gwadabe ya juya hular a hannunsa. "Malama, in sun ce mata ba sa zuwa nan fa? Me zan ce musu?"

"Kada ka ce musu maƙabarta. Ka ce duk wadda tirenta ya ɓata a shekarar ƙyanda, ta zo. An gan shi."